Madubi ba ya nuna jijiya

Ɗana, zo ka zauna nan gefen tabarma, ka ajiye gorar nan da kake ta girgizawa, ba ƙwace maka zan yi ba. Kullum idan na idar da sallar asuba na zauna a dakalin ƙofar gida ina jan carbi, a kan idona kuke wucewa kai da abokanka, wasu sun nufi filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wasu sun yi Dala su hau su sauko su sake hawa, wasu kuma sun shige shagon nan da aka cika da ƙarafa da madubai. Wallahi ganinku yana faranta min rai. Saurayin da ya iya yakice barcin safe don ya motsa jikinsa, a zamanin da tsaransa ke raba dare a majalisa suna danna waya, ba yaron da za a zaunar a yi wa faɗa ba ne. Don haka ma na kira ka, saboda na daɗe a duniya na ga mai kyakkyawar niyya shi aka fi saurin cuta da abin da ya yi kama da alheri.

Jiya ƙaninka ya nuna min ƙatuwar robar da ka ɓoye a bayan akwati, mai hoton wani ƙato ya murɗe damtse kamar zai tsage fata. Na sa tabarau na karanta abin da na iya karantawa. Bari in fara kwantar maka da hankali: idan abin da aka rubuta a jikinta shi ne a ciki, to ba guba ka saya ba, asalinsa nono ne. Ka san yadda mai awara ke zuba ruwan tsami a tafasasshiyar madarar waken suya, ta tsinke, ta juye a ƙyalle, ruwa ya tsiyaye ya bar dunƙulen. Haka ake yi wa nonon saniya in za a yi cuku, kuma ruwan da ke tsiyayewar nan Turawa sun daɗe suna zubarwa ko su bai wa dabbobi, har suka gano dabarar tace shi su busar ya zama gari. Shi ne suke rubuta wa Whey a jikin roba. Cokalin da ke ciki yana ɗaukar kamar giram 30, a ciki akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen giram 24, daidai da abin da ke cikin ƙwai 4. Ka ga ke nan abinci ne da aka cire wa ruwa, aka sa masa ƙamshi da zaƙi da tsada. Bai wuce haka ba, bai kuma kasa haka ba.

Abin da ya dame ni ba garin ba ne tukuna, inda idonka yake ne. Kana shiga shagon nan ka tsaya gaban madubi, ka duba ƙirji, ka duba ƙwanji, ka auna damtse da igiyar tela, in ya ƙaru da rabin inci ranar har tafiyarka sai ta canza. Amma duk naman da kake tarawa, jini ne ke ciyar da shi, jinin kuwa a cikin jijiyoyi yake tafiya, su kuma babu madubin da ke nuna su. Wadda kake gani ta taso kore a bayan hannunka kana alfahari da ita, ita ce mai mayar da jini zuwa zuciya, ba ita ke kayar da mutum ba. Masu kayar da mutum suna can ciki, masu ɗauko jini daga zuciya su kai ƙwaƙwalwa da ƙoda da ita kanta zuciyar, wadda ke bugawa wajen sau 100,000 kowace rana, kowane bugu kuma a bangonsu yake sauka.

Kai ɗan cikin gari ne, ka san fata. Ka taɓa riƙe jar fatar akuya da ta fito daga hannun majemi, irin wadda dukawa ke saya a Kurmi, mai laushi, in ka ja ta ta biyo ka, in ka saka ta koma. Ka kuma ga ƙirgin da aka manta a rana ya ƙandare, in ka lanƙwasa shi sai ya tsage. Jijiyar saurayi mai lafiya irin ta farkon ce, tana buɗewa idan jini ya taho da ƙarfi, ta koma idan ya wuce. A cikinta kuma akwai wata shimfiɗa siririya ƙwarai, santsi gare ta, aikinta kamar na makubar da kakanninmu ke shafe katanga da ita don kada ruwa ya ci ginin. Wannan shimfiɗar ce ke fitar da wata iska da ake kira naitirik oksaid, wadda ke sa jijiya ta saki jiki, ta hana jini daskarewa a inda bai kamata ba. Masana uku 'yan Amurka da suka gano wannan sirri sun karɓi kyautar Nobel a 1998. Idan shimfiɗar ta sami rauni, ta dalilin hawan jini ko suga ko hayaƙin taba da shisha, sai kitsen jini ya riƙa kutsawa ƙarƙashinta yana taruwa, hanya ta riƙa tsukewa, shekara da shekaru ba ciwo ba zazzaɓi. Ka dubi ganuwar nan da muke zaune a cikinta, ai ba ruwan dare ɗaya ne ya cinye ta ba, kuma babu wanda zai nuna maka ranar da ta fara zaizayewa.

To, me garin robar nan yake yi wa wannan shimfiɗa? Zan gaya maka na daɗin da marar daɗin duka, don nasihar da aka gina a kan ɓoye rabin gaskiya ba ta jimawa take rushewa. A 2016, masana a jami'ar Reading ta Ingila sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 38 waɗanda jininsu ya fara hawa. Sun ba su giram 28 na irin wannan garin sau biyu a rana har mako 8, sai aka ga awon jininsu na sama ya sauko da kusan maki 4, na ƙasa da 2 da ɗoriya, jijiyoyinsu kuma sun ɗan ƙara sakin jiki. Wannan gaskiya ne, kuma masu talla suna son faɗarsa. Abin da ba sa ƙarasawa shi ne, mutanen nan an auna su kafin a fara, an san abin da ke cikin garin da aka ba su har ƙwayar giram, an tsayar musu da iyaka, kuma a mako 8 aka tsaya. Babu wanda a cikinsu ya sha cokali huɗu don yana sauri ya cika riga kafin hawan sallah.

Ga ɗaya ɓangaren kuma. Tun 1908 wani likitan soja a Rasha, Ignatowski, ya ɗora zomaye a kan nama da ƙwai da madara, ya ga jijiyoyinsu sun lalace, ya ɗora laifin a kan furotin. A 1913 wani ɗan ƙasarsu, Anichkov, ya nuna cewa kitsen nan da ake kira kolestarol ne babban mai laifin, aka wanke furotin aka sallame shi. Zomo dai ba mai cin nama ba ne, kowa ya ba shi balangu shi ya nemi rigima. Sai ga shi bayan shekara ɗari da 'yan kai maganar ta dawo ta wata ƙofa. A watan Fabrairun 2024, ayarin masana ƙarƙashin wani likitan zuciya mai suna Babak Razani na jami'ar Pittsburgh a Amurka suka wallafa bincikensu. A cikin jini akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne shara, su bi bangon jijiya suna kwashe tarkace da matattun ƙwayoyi, kamar masu yashe kwata kafin damina. Masanan sun ga cewa idan furotin ya yi yawa a jini lokaci guda, musamman wani ɓangarensa mai suna lusin, wanda ya fi yawa a nama da ƙwai da irin garin da ke hannunka, sai ya kunna wa masu sharar nan wata wuta, su daina aikin da suka saba, su mutu a wurin, su da suka zo kwashe shara su zama sharar. A jikin ɓeraye sun ga toshewar jijiya ta ƙaru. A jikin mutanen da suka gwada, waɗanda ba su da yawa, sun ga wutar tana kunnuwa idan furotin ya haura kamar giram 25 a ci ɗaya, ko ya wuce kashi 22 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ɓera ba mutum ba ne, kuma ban kawo maka wannan don in ce cokali ɗaya zai toshe maka zuciya ba. Na kawo maka ne don ka ga cewa lusin ɗin nan da ake buga sunansa da manyan baƙaƙe a jikin roba, don shi ke zaburar da tsoka ta girma, shi ɗin dai ne ake tuhuma a bangon jijiya. Zuma ce, da zaƙi da harbi.

Ka ga abin da ya sa nake jin tsoron lissafin nan na samari, cewa in kaɗan ya yi amfani to mai yawa zai fi. Akwai wani sinadarin, ajinin, da ake cusawa a garin da kuke sha kafin ɗaga ƙarfe, ana cewa yana buɗe jijiya, tunda da shi jiki ke haɗa iskar nan da na faɗa maka. A hankalce magana ce mai kyau. Likitocin jami'ar Johns Hopkins suka gwada shi a kan mutum 153 da suka tashi daga bugun zuciya, suna fatan ya taimake su, sai mutum 6 suka rasu cikin waɗanda aka bai wa, babu ko ɗaya cikin waɗanda ba a bai wa ba, dole aka tsayar da gwajin, aka fitar da labarin a 2006. Idan manyan likitoci da kayan aikinsu za su yi zaton alheri ya zo musu a haka, ina ga ni da kai da yaron shagon da ya ce maka "Oga, wannan yana aiki sosai"?

Bari mu yi lissafin da kanmu, ai ka yi makaranta. Mutum mai lafiya da ke zirga-zirgarsa ta yau da kullum yana buƙatar kamar giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. In kilo 70 ne kai, giram 56 ke nan. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar fiye da haka, ba musu. Amma a 2018 masana a Kanada sun tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum sama da 1,800, suka ga cewa daga an kai wajen giram 1.6 a kan kowane kilo, ƙari ba ya ƙara tsoka. A jikinka giram 112 ke nan, kuma a ciki har da wanda ke cikin tuwonka da miyarka da ƙosanka, ba na roba kaɗai ba. Abin da ya haura wannan, hanta ce za ta wahala ta warware shi, ƙoda ta tace, ka fitar da kuɗinka a fitsari.

Ƙodar nan kuwa, ɗana, ita nake so ka tsaya ka saurara a kanta, don ita kanta dunƙulen jijiyoyi ce. Kowace ɗaya tana da 'yan matatai wajen miliyan guda, kowace matata ƙullin jijiyoyi ne da suka fi gashi sirantaka, kuma su biyun suna tace ruwa wajen lita 180 a rana. Yawan furotin yana sa su ƙara ƙaimi. Ƙoda mai lafiya tana ɗauka ba ta koka ba. Amma wadda hawan jini ko suga ya riga ya fara ci, ƙarin aikin nan kamar ɗora wa jakin da ke ɗingishi ƙarin mangala ne, shi ya sa likitoci ke rage wa mai ciwon ƙoda nama. Matsalar ita ce mai hawan jini ba ya jin komai. A ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku yana da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Mu baƙar fata yana kama mu da wuri, ya kuma fi yi mana ɓarna. Ka tuna kakanka na wajen uwa yadda ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, aka yi ta cewa iska ce, aka yi ta turare. Jininsa yana jikinka. Ka taɓa leƙawa sashen wankin ƙoda na asibitin Malam Aminu Kano? Ni na je dubiya ba sau ɗaya ba, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba tsofaffi kaɗai ne a kan gadajen ba. Tun 2002 ake dashen ƙoda a asibitin, Allah ya saka wa likitocin da alheri, amma ka tambayi duk gidan da abin ya faɗa wa, su gaya maka gona nawa aka sayar. Sai ka haɗa da zafin garin nan na watan Maris da Afrilu, lokacin da awo ke kai 40, ka yi gumi kamar an tsamo ka daga rijiya, ka ɗura gari cokali uku, ruwan da za ka sha kuwa leda ɗaya.

Duk wannan da na faɗa, a kan garin gaskiya nake magana. Yanzu mu zo inda hankalina ya fi tashi, wato wa ya gaya maka abin da ke cikin robar shi ne aka rubuta? A Amurka, inda yawancinsu ke da'awar fitowa, tun 1994 doka ta bar masu irin wannan kaya su kai kasuwa ba tare da hukuma ta fara gwada su kamar yadda take gwada magani ba. Wani ɗakin bincike a birnin Kolon na Jamus ya sayo irin kayan ƙarin kuzarin nan kala 634 daga ƙasashe 13, ya auna, ya sami 94 da sinadarin sitiroyid a ciki wanda ba a rubuta a jiki ba, aka wallafa a 2004. Kusan ɗaya cikin bakwai ke nan, a ƙasashen da ake tsoron hukuma. A Sin kuma, a 2008, an zuba wa madarar jarirai sinadarin da ake yin kwanukan roba da shi don awo ya nuna furotin ya yi yawa, jarirai wajen 300,000 suka kamu da ciwo, ƙodarsu ce ta taɓu. Mu nan ba sai an ba mu labari ba. A kan idonmu a watan Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da ta masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan magani sama da 1,000 a Sabon Gari, aka ce kowa ya koma sabuwar kasuwar Dangwauro inda za a iya sa ido. In maganin zazzaɓi yana buƙatar wannan tsaro, ina ga garin da ake auna maka a ƙullin leda, babu suna babu lamba, ko wanda wani ya tallata maka a TikTok ya aiko ɗan sahu ya kawo?

Sitiroyid ɗin nan shi ne maƙiyin jijiya na gaske. Yana kumbura tsoka da sauri, har abokai su fara tambayarka sirrin, amma a ciki yana kayar da kitsen jini mai amfani, ya ɗaga mai cutarwa, ya hau da jini, ya kaurara naman zuciya har ta kasa sakin jiki ta cika, ya kuma taɓa haihuwa, abin da ba saurayin da ke so a faɗa a gaban mutane. Idan ka ga gari ya yi maka aikin wata shida cikin mako uku, kada ka yi murna, ka yi zargi. Ɗan'uwansa kuma shi ne wanda kuke kira sha ka fashe. Akwai wani yaro a unguwar nan, ba zan kama suna ba, siriri ne kamar sillen kara, abokai suka dame shi da tsokana, wani ya haɗa masa ƙwayoyi da garin ƙiba. Cikin wata biyu kumatu suka cika, wuya ya yi gwaɓi, mata a gida suna ta sa albarka wai yaro ya samu kwanciyar hankali. Ni da na ga fuskar ta yi zagaye kamar faifai alhali ƙafafun suna nan a tsotse, gabana ya faɗi, don na san kallon kitse ake yi wa rogo. Ranar da jiri ya kayar da shi aka auna, jininsa ya yi hawan da ko ni tsoho ban taɓa kaiwa ba, ga suga ya biyo baya. Deksametason ne a cikin haɗin, magani mai daraja a hannun likita, wanda in aka sha shi barkatai yake tara gishiri da ruwa a jiki. Ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma sai da aka janye masa shi a hankali, don irin wannan ba a yanke shi rana ɗaya. Ka kai wa ƙannenka mata wannan labarin, su ma ana bin su har ɗaki da irin haɗin, da sunan gyaran jiki kafin biki.

Sau da yawa in na ga robar nan sai dariya ta kama ni, in ce ikon Allah, yau ɗan Kano ne ake auno wa sinadarin gina jiki daga ƙetare da kuɗin dala. Garin da aka yi dalar gyaɗa har ta shiga hoton duniya. Garin da kasuwar Dawanau take, inda ake loda wake a manyan motoci zuwa ƙasashe, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa noman wake. A cikin giram 100 na busasshen wake akwai furotin wajen giram 24, gyaɗa wajen 25, waken suya ya haura 35, ƙuli-ƙuli kuwa da aka matse wa mai ya fi gyaɗar da aka yi shi da ita. Ƙosai da koko da safe da ƙwai biyu, wake da shinkafa ko ɗanwake da rana, fura da nono mai kyau bayan la'asar, awara a hannun yaran unguwa, tuwo da miyar da aka sa wa daddawa da busasshen kifi da dare, kwaɗon zogale da ƙuli in an samu. Wanda ya ci wannan ya ƙoshi, ya kama hanyar giram ɗarin nan ba tare da ya buɗe roba ba. Kuma wake yana zuwa da abin da gari ba shi da shi, wato dusar da ke rage kitsen jini da sinadaran da ke sassauta hawan jini, shi ya sa likitocin zuciya suka fi natsuwa da furotin ɗin da ya fito daga gona. 'Yan dakon Kurmi da marinan Ƙofar Mata da mahautan da suka riƙe dambe, da wannan cimar suka gina ƙirjin da kake nema. Ba na ce duk abin da ke kwanonmu alheri ba ne, kada in yi son kai. Kilishi da tsire da yajinsu, da dunƙulen da ake jefa wa tukunya biyar-biyar, da taliyar mai shayi da ake juye wa duk ƙullin ɗanɗanonta, gishiri ne tsagwaronsa. Abin da aka yarje wa mutum a yini bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a dunƙule. Da za ka rage wannan, da ka yi wa jijiyarka hidimar da babu robar da za ta yi mata.

Wani abu kuma, ka yi haƙuri in faɗa. Kuɗin robar nan guda zai sayi kiret-kiret na ƙwai. A gidanku akwai yaran da aka yaye bana, akwai matar yayanka mai juna biyu, akwai Hajiya da haƙoranta suka ƙare take fama da kunu. Waɗannan su ne jikinsu ya fi naka ƙishirwar abin gina jiki, su ne rashinsa ke tsumburarwa. Ban ce haƙƙinsu ka ci ba, guminka ne. Na dai san kai mai tausayi ne, ba ka taɓa kallon abin ta nan ba ne kawai.

Kada ka ce Baba ya hana ka motsa jiki. Ina! Gudun nan da kake yi shi ne babban abokin shimfiɗar da muka yi magana, don duk lokacin da jini ya gudana da ƙarfi a kanta, ƙara fitar da iskar nan take yi, jijiya ta ƙara laushi. Ka ci gaba, ka haɗa ƙarfen da gudu ko tafiya mai sauri. Sai dai in za ka ɗaga mai nauyi kada ka riƙe numfashi kana yunƙuri har idanu su firfito, don an taɓa aunawa a Kanada a 1985 aka ga a daidai wannan lokacin awon jinin masu ɗaga ƙarfe yana haura 300. Jijiya mai laushi tana shanyewa, wadda ta riga ta ƙandare ita ce abin ji. Ba kuma na ce garin haramun ne a kanka ba. Akwai tsohon da ba ya iya tauna, akwai majinyacin da ya rame likita ya rubuta masa, akwai ɗan wasan da aka auna aka tsara masa. Kai ma in an duba ka aka ga lafiyarka ƙalau, kayan kuma na gaskiya ne mai lambar NAFDAC daga hannun wanda za ka iya komawa ka tuhuma, cokali ɗaya a rana bayan motsa jiki, a matsayin cikon abinci, da ruwa wadatacce, ba zan ɗaga maka murya ba. Wanda ake sha kafin a fara kuwa, mai sa zuciya dakan uku-uku da rawar hannu, wanda ake cika wa sinadarin da ke cikin gahawa da goro, shi kam ka bar musu kayansu.

Abin da nake roƙonka ƙarami ne. Gobe in Allah ya kai mu, kada ka fita gudu, kada ka sha shayi ko garin, ka wuce asibitin Murtala ga shi nan kusa, ko wani kemis mai rajista da ke da na'urar awo. Ka zauna minti 5 ka huta kafin a ɗaura maka, a auna, ka rubuta lambobin biyu a takarda da kwanan wata, ka sake bayan kwana biyu ko uku. In ka ga yana kai 140 a sama ko 90 a ƙasa, ka rufe robar nan ka nemi likita. Ka sa a duba maka fitsari da suga da aikin ƙoda ko da awon ya yi kyau, tunda abin yana cikin dangi, kuma ka ɗauki robar ka tafi da ita, ka faɗi duk abin da kake sha har wanda kake jin kunyar faɗa, don wasu daga cikin kayan nan suna canza sakamakon gwajin ƙoda, likita kuma ba duba yake yi ba. In kuɗin gwajin ne ya tsaya maka, ka zo ka same ni, kada ka ji nauyi.

In ka dawo ka kawo min takardar mu duba tare, ni ma ga tawa nan a aljihu, shekara 11 ke nan ina rubutawa duk Juma'a. Ina nan a dakalin har hantsi. Mai ƙosai tana fitowa da bakwai, zan sa ta ajiye maka naka.